Kyamarar da Za Ta Ga Inna Kulu

Abin da ya fara ɗaukar idona ranar nan ba Kawu Hamidu ba ne. Kyamarori ne guda uku a jere a kan benci, kowace an yi mata matashi da tsumma, duk sun zuba wa ƙofar madafi ido kamar samari uku da suka zo zance wurin budurwa ɗaya. Budurwar kuwa Inna Kulu ce, matarsa, wadda a lokacin ta haura hamsin. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana ɓarar gyaɗa, ko kallon samarin ba ta yi.

Sai ga mai gayya ya ɓullo daga bayan rumbu. Ku da kuka san shi a Bungudu ba sai na faɗa muku abin da ya yi ba. Ya amsa sallamata, ya haɗa yatsunsa huɗu ya yi 'yar taga, ya kanne ido ɗaya, ya leƙo ni ta ciki. Haka yake yi wa kowa. An ce ranar wani ɗaurin aure ko liman bai tsira ba. Ana shirin shafa fatiha Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, matsa hagu kaɗan, rana ta cinye maka rabin gemu." Kuma liman ya matsa.

"Rabi 'yar littafi," ya ce da ni, "mi kinka ƙumso a hijabi?"

Ƙanen mahaifiyata ne, sana'arsa ɗaukar bidiyo: biki, suna, saukar karatu, da wasan kwaikwayon da samarin gari kan shirya bayan kaka. Ni kuwa ina koyarwa a wata firamare a Gusau, kuma tun ina aji shida littattafan soyayya na kasuwa suka gama da ni. Na karanta su a ƙarƙashin tebur, na karanta su ina tuƙa tuwo har ya ƙone. Da karatun bai ishe ni ba sai na rubuta nawa, littafin rubutu uku cif, labarin wata fara mai dara-daran idanu da wani matuƙin jirgin sama da ya daina cin abinci saboda ita. Burina ɗaya ne a duniya: in ga labarin nan ya zama fim. Ba ni da kowa mai kyamara sai Kawu.

Ya karɓa, ya zauna, ya yi ta buɗa shafi yana lasar yatsa. Can ya ɗago.

"Shafi arba'in ana kuka, ɗiyata. Mutanen ga ba su noma? Ba su cin tuwo?"

"Kawu, soyayya ce."

"To, Allah shi sawwaƙe. Za mu yi shi. Amma sai an gwada."

Da na san nauyin kalmomin nan uku na ƙarshe, da na zauna a wurin na yi kukan shafi na arba'in da ɗaya. Ba banza ake kiransa Sai-an-Gwada ba. Mutum ne da ko kankana ba ya ɗauka sai ya ƙwanƙwasa ta ta kowane gefe yana kasa kunne, kamar malamin asibiti da mai tari.

Gwajinsa na kyamara kuwa guda ɗaya ne, ba ya canzawa. Inna Kulu baƙa ce wuluk, irin baƙin nan mai sheƙi, tana da tsage irin na Zamfarawan da, siraran layuka daga gefen kunne zuwa baki. Sai ya zaunar da ita a bakin ƙofar madafi da hantsi, ya sa ta yafa farin mayafi, rabin jikinta a rana rabi a inuwa, bayanta duhun ɗaki da hayaƙi. Sannan ya danna, ya ce, "Kulu, ɗago kai."

"Kai dai ba ka da aikin yi," takan ce. Amma sai ta ɗago.

Ranar ya yi mini karatun abin. "Kowace kyamara tana ganin farin mutum, don waɗanda sunka ƙera ta da fuskarsu sunka gwada. Ni so nike ta ga mayafin ga da saƙarsa, ta ga fuskar ga da tsagenta, lokaci guda. In ta gyara mayafi Kulu ta koma gawayi, makauniya ce. In ta gyara Kulu mayafi ya koma fitila, ita ma makauniya ce. In duhun baya ya cika da yashi yana motsi awa ƙwari, a mai da ta inda ta fito."

Kyamara ɗaya ce ta taɓa cin jarrabawar nan, tsohuwarsa da yake kira Gwaggo. Murfin batirinta ya karye ya ɗaure da kyauro, allonta ya tsage, kuma hotonta ƙarami ne, in an haska shi a babbar talabijin sai ya yi laushi kamar an shafa masa man shanu. Shi kansa ya yarda ba za ta iya fim ɗina ba. "Gwaggo tana da ido, ba ta da ƙarfi. Sai mun samo mai duka biyun." Neman mai duka biyun nan shi ya ci mana shekara uku.

Wanda ya fi kowa jin jiki shi ne Oga Sunday, mai shagon kayan hoto a Gusau, mutumin kudu da ya tsufa a cikinmu har ya fi ni karin magana. Duk sabuwar kyamarar da ta sauka a shagonsa, Kawu zai je ya ce a ba shi ita kwana biyu. Ya naɗe ta a zanen Inna Kulu, ya hau mota zuwa Bungudu, ya dawo da ita ranar da ya ce, tsaf, ko ƙura babu, da hukunci a bakinsa.

Wata ya ce tana lanƙwasa taɓarya. Ban yarda ba sai da ya nuna mini. Ya ɗauki matan maƙwabta suna daka, ya juya kyamarar da sauri, sai ga taɓaren a hoto sun karkace kamar karan dawa a iska. "Wadda ta yi wa taɓarya ƙarya," in ji shi, "mi za ta yi wa mutum?"

Wata kuma mai nemo fuska da kanta ce, ba sai ka murɗa komai ba. Kawu ya kafa ta gaban Inna Kulu, akuyar gidan ta zo wucewa, kyamara ta saki Inna ta bi akuya. Akuya ta fito tar, kana iya ƙirga gashin gemunta, Inna ta zama kamar ana hango ta cikin ruwa. Ranar da ya mayar da ita ina shagon.

"Malam Hamidu, wannan karon dai an dace?" in ji Oga Sunday.

"Sunday, wagga tana da ruwan ido. Ta bar matata ta bi akuya."

"Ai saiti ne, sai a kashe shi."

"In sai na kashe mata wayonta kahin ta yi hankali, mi ya raba ta da Gwaggo?"

Oga Sunday ya juyo wurina ya ce, "Malama, shekara goma kawunki yana zuwa shagon nan. Kin san abin da ya taɓa saye? Tsumman goge gilashi. Shi ma sai da ya gwada."

Da na gaji sai na kawo nawa maganin. Na sayi sabuwar waya, irin wadda ake cewa ana yin fim da ita sukutum, na kai masa ina rawar jiki. Ya riƙe ta da yatsu biyu kamar an miƙa masa ƙadangare. Aka zaunar da Inna, aka yafa mayafi. "Kulu, ɗago kai."

Da muka duba, sai ga wata mata da ba mu taɓa gani ba. Wayar ta ƙara mata haske, ta goge tsagen nan tas, ta share layukan goshi, ta bar fuska sumul kamar ƙwai. A raina na ce ga jarumar littafina ta fito. Inna Kulu ta karɓa ta duba, ta karkata kai, ta gyara ɗaurin kallabi.

"Ashe haka nike? Rabi, bar mini wagga."

Ban taɓa ganin ran Kawu ya ɓaci irin na ranar ba.

"Wagga ba Kulu ba ce, ɗiyar wasu ce. Wanzami ya zauna ya yi aiki kina jinjira kina tsala kuka, kakanninki na kallo, sannan wani ƙarfe shi zo shi goge da ƙiftawar ido? In anka kai hoton ga garinku Rawayya, wa za shi ce ɗiyarsu ce?"

"To ni dai ya yi mini kyau," in ji Inna.

"Kyau na aro." Ya miƙo mini wayar. "Ungo maƙaryaciyarki. Kak ki sake shigo da ita gidan ga a kunne."

Kwana biyu ya yi yana cin tuwo yana kumbura. Inna ta ce sai da ta ɗauko mayafin da kanta ta zauna a ƙofar madafi, ta ce masa, "Zo ka gwada Gwaggonka mu huta," sannan ya sake.

A shekara ta uku na ci amanarsa, ba zan ɓoye ba. Akwai wani Nazifi mai situdiyo a Gusau, ɗan gayu, yana da wata ƙatuwar baƙar kyamara da ya ce hotonta 4K ne, wato ya ninka na Gwaggo ban san sau nawa ba. Ya ce in ya ɗauke ni daga bakin titi sai a ga ƙurar da ke gashin idona. Na shirya da shi a ɓoye. Na samo jarumi da jaruma cikin 'yan wasan kwaikwayo, muka zaɓi gindin duwatsun Tsafe, lokacin hanya tana da sauƙi, don a can ne matuƙin jirgi zai furta abin da ke ransa. Wata uku na yi ina gyara kalmomin da zai faɗa.

Muna sauka daga mota na hango tabarma a gindin wata tsamiya. A kai Kawu Hamidu ne, da butarsa, da Gwaggo a naɗe, da wata doguwar gora da ya ɗaura wa makirfo a kai, ya lulluɓe makirfon da fatar rago, gashi a waje, don tare iska. Kun san labarin fatar nan. Shi ragon layya ba ƙiba yake dubawa ba, gashi yake dubawa. An sha ganinsa a kasuwar Mada yana hura wa raguna iska a gadon baya yana kasa kunne, masu raguna suna kallon juna. Wanda ya tsegunta masa zuwanmu har yau ban sani ba, ko da yake ina zargin mai ɓarar gyaɗa.

"Ku yi aikinku," ya ce. "Ni shan iska na zo."

Nazifi ya kalli gorar ya yi dariya. "Baba, wannan ta share yana ce?"

"Hular kunne ce, ɗana. Kai ina taka ta aje nata kunnen?"

"A jikinta yake, Baba. Komai a ciki yake."

"Madalla."

Aka fara. Bazara ce, rana tana dukan dutse, dutse yana ramawa a kanmu. Kawu ya taso da gorarsa ya tsaya a gefe ya miƙa ta saman 'yan wasan, wai yana kore musu ƙuda. Jarumi ya sha farar shadda, ya tsaya gaban jaruma, ya dafa ƙirji. Ni ina bayan Nazifi, na rungume littafina, ina kasa kunne kamar ni za a faɗa wa. Ya ce, "Tun ranar da idona ya sauka a kanki," sai kyamara ta yi 'yar ƙara ta ɗauke. Ta yi zafi. Nazifi ya cire hularsa yana yi mata fifita. Muka jira ta huce, aka sake. Jarumi ya kai "a kanki", ta sake ɗaukewa. Sau huɗu idonsa yana sauka a kanta, bai taɓa wuce nan ba. A na biyar jaruma ta ce ita ƙafarta ta gaji, in yana da magana ya same ta a mota.

Kawu ya koma tabarmarsa, ya ɗauko maficin Inna Kulu ya miƙa wa Nazifi.

"Riƙe, ɗana. Wagga 'yar gata ce, a ƙasar sanyi anka haife ta. In za ka fito da ita Tsafe sai ka taho mata da laima da mai fifita, awa amarya."

Ɗan abin da aka samu muka duba a inuwa. Gaskiya dutsen ya fito. Ban taɓa ganin dutse mai kyau haka ba, har ƙadangare ana gani a kansa yana gyaɗa kai. Shadda tana walƙiya. Fuskar jarumi kuwa babu, sai haƙora. Muryarsa ma babu, iska ce kawai take bubbugawa kamar ana kakkaɓe tabarma. Kawu ya matso kusa da ni. Ya sa mini abin ji a kunne, ya danna 'yar na'urar da ke rataye a wuyansa, wadda makirfon gorar yake zuba wa murya. Sai ga muryar jarumi garau, har da haɗiyar yawunsa.

"Ido yana yafiya, ɗiyata," ya ce. "In hoto ya yi duhu mutane sai su matso. Kunne ba shi yafiya. In murya ta ɓaci sai su tashi su tahi."

Maimakon in gode, sai na fashe. Kunya da rana da shekara uku suka taru suka yi mini yawa. Na ce, "Kawu, kai ka hana fim ɗin nan. Ba ka san mene ne so ba, shi ya sa. Shekara nawa kuna tare da Inna, ka taɓa faɗa mata kalma ɗaya mai daɗi? Ka mai da ita abin gwajin kyamara."

Ya hau naɗe igiyar makirfo a gwiwar hannunsa. Da ya gama sai ya yi 'yar tagarsa ya leƙo ni.

"Fushi yana miki kyau a hoto. Gaskiyarki, ni ban san so ba, haske na sani. Bari a kai amfani gida. Sunday ya ce akwai wata kyamara tana tahe."

Ba a kai amfanin gida da shi ba. Zazzaɓi ne na kwana shida ya tafi da shi, cikin damina, gero yana fitar da kai. Ban samu na ba shi haƙuri ba. Ina ta cewa sai ƙarshen mako.

Bayan Inna Kulu ta fita takaba ta kira ni ɗaki, ta jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado. "Ungo tarkacen kawunki, ni ban san kansu ba." Katunan kyamara ne cike da shi, kowane a naɗe cikin 'yar takarda, an rubuta kalma ɗaya a kai: gwaji. Na kai wa Nazifi don mu nemo muryar da Kawu ya ɗauka a Tsafe, ko za a ceto wani abu daga fim ɗina.

Muka sa na farko. Ƙofar madafi, farin mayafi, "Kulu, ɗago kai." Na biyu, haka. Na goma, haka. Ga ta ranar da akuya ta ƙwace mata kyamara. Ga ta da ciwon haƙori ta ɗaure haɓa. Ga ta tana dariya ta rufe baki da mayafi. Ga ta a makon da mahaifiyarta ta rasu, ranar ba ta ce masa ba shi da aikin yi ba, ɗagowa kawai ta yi, shi ma bai ƙara cewa komai ba, ya bar kyamara tana tafiya. Furfura tana leƙowa ta ƙarƙashin kallabi, tana ƙaruwa daga kati zuwa kati.

Nazifi ne ya lura. Ya tsayar da hoton ya ce, "Malama, ni fa ban gane ba. Minti ɗaya ya isa a san halin kyamara, shi kuwa minti ashirin-ashirin yake yi. Kuma duba, yawancinsu da tsohuwar kyamarar nan aka ɗauka. Wa yake gwada kyamarar da ta ci jarrabawa tun tuni, kuma duk ranar Juma'a?"

Na zuba wa hoton ido. Na karanta littattafan da ban san iyakarsu ba, na san yadda ake jiƙa matashi da hawaye, na san yadda ake rubuta wasiƙa a fesa mata turare. Ban taɓa cin karo da jarumin da ya rasa yadda zai ce wa matarsa ta zauna ya kalle ta ba, har sai da ya ƙirƙiro mata jarrabawa.

Littattafaina uku suna nan a akwati, matuƙin jirgi har yau bai wuce "a kanki" ba. Wata biyu muka yi da Nazifi muna yankawa muna haɗawa, muka fitar da fim na minti arba'in: mace ɗaya, ƙofa ɗaya, magana guda. Yawancinsa hoton Gwaggo ne, mai laushi, amma kowane layi na tsagen yana nan. Muka haska shi a zauren gidan Kawu bayan la'asar, aka toshe taga da tabarma. Oga Sunday ya zo daga Gusau, ya yi dariya a wurin akuya har da tari, daga baya ya fita waje wai abu ya faɗa masa a ido. Inna Kulu ta kalla har ƙarshe ba ta motsa ba. Da aka gama ta ce, "Duk wanga lokaci da ya ɓata, da rufin madafin ya gyara mini." Sai ta juyo wurina. "Mai da shi farko."

Kawu bai fito a ciki ko sau ɗaya ba, mai riƙe kyamara ba ya shiga hoto. Muryarsa ce kawai, kusa da makirfo, garau, ba iska ba hayaniya.

Shekara bakwai ke nan. Inna Kulu tana nan a Bungudu, yanar ido ta rufe mata gani, an yi aiki a ɗaya bai yi ba. Hoto yanzu, na Gwaggo ne ko na 4K, duk ɗaya ne a wurinta. Nazifi ya cire mata sautin ya zuba a 'yar rediyo mai kati. Makon jiya na je na same ta da hantsi a ƙofar madafi, rabin jikinta a rana rabi a inuwa, rediyon a cinyarta, hannunta cikin gyaɗa. Kafin in yi sallama muryar ta riga ni.

"Kulu, ɗago kai."

"Kai dai ba ka da aikin yi," ta ce. Ta ɗago.

Allah ya jiƙan Kawu Hamidu, ya yafe masa, ya yafe mini abin da na faɗa masa a Tsafe. Ya haskaka kabarinsa da hasken da ba ya cinye rabin fuskar kowa. In lokacin Inna Kulu ya yi, ya sada su inda ba sai an gwada ba. Amin.